Aksul ɗin Motar Baba

Marlys Haugen ta tura ƙofar rumfar motoci da kafaɗa, don hannunta na dama yana kan sanda. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Ta zo ne ta tayar da tsohuwar akori-kurar mahaifinsu ta yi zafi kafin a loda ciyawa. Sai ta tarar da motar gabanta a ɗore kan kututture biyu, babu tayoyi, babu aksul, farfelar gaba, ƙarfen da ke kai juyin inji ga tayoyi, na reto a ɗaure da waya.

Jiya da yamma 'yarta ta kawo ta daga Great Falls, inda ta shafe kaka tana jinyar gwiwar hagu da aka yi wa aiki. Ba ta leƙa rumfa ba. Shanunsu kuwa suna tudun arewa, duka da ciki, kuma tun jiya da rana ƙanƙara ta binne abin da suke kiwo. Saniya mai ciki ba ta daɗewa a tsaye cikin irin wannan sanyi in cikinta babu ciyawa.

"Arlen!"

Ƙanenta ya fito daga gida da kofin kofi a hannu, hularsa ta rufe kunnuwa. Ya haura hamsin, amma har yau tafiyarsa ta wanda ya yi ɓarna yake fatan ba a gani ba ce.

"Ina kwana, Yaya. Ya gwiwar?"

"Gwiwa tana inda likita ya bar ta. Ina aksul ɗin motar Baba?"

Ya nuna da kofin. Jar motarsa tana tsaye a bakin rumbun ciyawa, gabanta ya ɗaga fiye da yadda ta san shi. Ko daga nan ta gane ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ita ta shafa masa giris a bazara.

A wannan yanki na Montana, maganar aksul ɗin gaba tana iya riƙe maza biyu a ƙofar coci har abincin rana ya huce. Na motar Baba ƙarfe guda ne miƙaƙƙe kamar taɓarya, daga wannan taya zuwa waccan, da ƙulli a jikinsa da suke kira kabewa, inda haƙoran ƙarfe suke. A hanyar gargada yana jijjiga mutum har haƙoransa su haɗu. Amma ka loda masa abin da ka ga dama, tayoyin suna nan a tsaye sak. Wanda motar Arlen ta zo da shi kuwa rabe yake biyu, hannuwa biyu masu lanƙwasawa a tsakiya. A kan kwalta sai ka ce kana kan katifa. Ka rataya masa garmar ture ƙanƙara, tayoyin su baje, su riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Tun ranar da ya sayo ta Marlys take kiranta almakashi.

"Ka yanka motar Baba."

"Shekara nawa kina zagin motata? Almakashi, motar zuwa coci, motar masu ciwon baya. A gaban mutane. A gaban matata, tun tana matata. To ga shi na yi abin da kike so, yanzu kuma na yi laifi?"

"Na ce maka ka yanka motar Baba?"

"Motar Baba ta daɗe da mutuwa, ke ce kika ƙi zuwa jana'iza. Firam ya tsage a bayan sifirin, sau biyu ina yi masa walda. Injin yana shan baƙin mai kamar Kawu Nels da barasa. Abu ɗaya ne mai rai a jikinta, shi na ceto."

Gaskiya ya faɗa game da firam ɗin, ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar. Wannan ya ƙara mata haushi.

"Baba ya sani?"

"Na gaya masa."

"Ya ce me?"

"Kin san tun da jikinsa ya shanye ba ya doguwar magana. Ya dai ɗaga hannu."

"Hannu kawai?"

"Da cokali a ciki. Bai same ni ba."

Ta juya ta dubi tarakta a ƙarshen rumfa. Ba ta ma tambaya ba. A irin wannan sanyi man dizal ɗinta ya daskare kamar man shanu, kuma ko ta tashi, tayoyin baya kaɗai ke ja, ba ta taɓa hawa tudun arewa da ƙanƙara ba.

"Ka gwada motar taka?"

"Makon jiya na gama. Na kai ta gari na dawo, ko ƙis ba ta yi ba."

"Da ƙafa huɗu, duka tayoyin na ja?"

"A busasshiyar kwalta? Wa ke sa ƙafa huɗu a kwalta? Jiya ne fa aka fara ƙanƙara."

Nan ma gaskiya ya faɗa.

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Arlen."

"Ai na fafe tun makon jiya."

"Ajiye kofin nan ka ɗauko sarƙar da ake ɗaura wa taya. Duka huɗun."

Suka loda damman ciyawa har suka wuce kan motar. Shi yake jefowa daga rumbu, ita tana ja da ƙugiya tana jerawa da ƙafa ɗaya a miƙe. Da aka gama ta nufi ƙofar direba, ta tuna kuloci da gwiwar hagu ake taka shi, ta zagaya ɗaya gefen. Tun tana budurwa ita ke tuƙa motar ciyawa. Ta rufe ƙofar da ƙarfin da ya sa ƙanƙara ta zubo daga gilashi.

A ƙofar shinge ta farko ya tsaya, ya kai hannu ga ƙaramar giyar da ke haɗa ƙafafun gaba.

"Fita ka murɗa makullan taya tukuna," in ji ta. "Wannan ba ya kulle kansa don ragwaye."

Da can abin alfaharinsa ke nan: almakashinsa yana kulle tayoyin gaba da kansa, mutum na zaune cikin ɗumi. Na Baba sai ka sauka, ka cire safar hannu, ka murɗa maƙulli a cibiyar kowace taya. Ya sauka. Ta bi shi da kallo yana hura yatsunsa, bai ba ta tausayi ba.

Cikin fili, inda ƙanƙara ke da laushi ta kai gwiwa, motar ta tafi. Arlen ya fara fito a hankali. Marlys kuwa akwai abin da take ji a kujera wanda ba ta gane ba. Bayan motar yana son ya karkace, kamar yana neman ya wuce gaban. Arlen ya gyara sitiyari, ta miƙe, ta sake karkacewa.

"Me ke damun gindinta?"

"Sarƙa ce. Ta hagu ta ɗan saki."

"Ni na duba sarƙar."

"To nauyi ne. Kin jera ciyawar a karkace."

Ta dube shi. Ya daina fito.

Hanyar tudun arewa tana bin gefen kwari ne ta hau. A rabinta akwai wurin da iska ke sharewa kullum, babu ƙanƙara sai tsakuwa da ta daskare ta zama kamar siminti. Da tayoyin suka hau nan, sarƙoƙin suka kama ƙasa sosai, sai motar ta fara tutsu. Ta zabura, ta cije, ta sake zabura. Wani gurnani ya taso daga ƙarƙashin ƙafafunsu. Sitiyari ya yi tauri a hannun Arlen.

Nan take Marlys ta gane.

"Ka ƙirga juyi?"

"Me?"

"Kafin ka ɗaura shi. Ka ɗaga taya, ka sa alli, ka ƙirga juyin farfela?"

"Kamfani ɗaya ne ya yi su! Nauyinsu ɗaya! Notinan sun shiga daidai, ko guduma ban ɗauka ba."

Haƙoran da ke cikin kabewa ba iri ɗaya ba ne a kowace mota. Baba da ya sayi tasa, ya zaɓi na jan kaya: farfela ta juya sau huɗu da ɗan abu kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Ta Arlen ta gudun kwalta ce, uku da rabi. Yanzu ga na Baba a gaba, ga na Arlen a baya, inji ɗaya na juya su. Tayoyin baya suna sauri, na gaba suna jan ƙafa, kamar an haɗa bijimi mai sassarfa da mai tafiya a karkiya ɗaya. A ƙanƙara mai laushi tayoyin suna zamewa su huce. A nan babu inda za su zame.

"Tsaya."

"In na tsaya a nan ba za mu sake tashi ba."

"Na ce ka tsaya! Ka cire ƙafar gaba!"

"Da baya kaɗai ba za ta hau ba, kin sani. Saura kaɗan, Yaya, ga laushi can."

"Arlen, ɗan banza, ɗaga ƙafarka daga totur!"

Ya ƙara takawa.

Ƙarar ta yi kamar an buga guduma a kan tukunyar ƙarfe. Gaban motar ya yi tsalle sau ɗaya ya saki. Tayoyin baya suka yi ta juyi suna watsa tsakuwa, motar ta fara zamewa da baya a karkace, a hankali, har gindinta ya nutse cikin tudun ƙanƙarar da ke gefen hanya ta tsaya. Damman sama guda biyu suka faɗo suka gangara kwari.

Warin man giya ya shigo musu. Marlys ta buɗe ƙofa ta leƙa. Baƙin mai yana ɗiga daga kabewar gaba, yana huda farar ƙanƙara.

"Tun kafin a yaye 'yata aksul ɗin nan yake aiki," in ji ta. Muryarta ba ta tashi ba. "Ya ja tirela cike da bijimai daga kogi. Ya fito da motar fasto daga laka. Bai taɓa neman komai ba sai giris. Safiya ɗaya ka ba shi."

"Da kin bar ni na kai laushin can..."

"Da na bar ka? Na riƙe maka ƙafa ne?"

"Kina ta yi mini ihu a kunne!"

"Garin neman gira ka rasa ido. Da motoci biyu muke da su, ɗaya mai tsagaggen firam, ɗaya almakashi, kuma ko wacce a cikinsu da yanzu ta kai ciyawar nan. Ko almakashin naka da ya hau, da kuka da komai. Kai da iyawarka ka haɗa su ka fitar mana da babu."

"Yau kuma almakashi ya yi rana?"

"Ya fi ka."

Ya bugi sitiyari da tafin hannu. "Wa ya bugo waya ya ce a bar shanu a tudu har ƙanƙara ta sauko? Ni na ce a sauko da su tun wancan watan. Kika ce a'a, akwai sauran kiwo, kada a taɓa rumbu. Wa ya ce?"

"Ni na ce. Na ce ne don na san akwai motar da ke hawa tudun nan a rumfa. Ka gaya mini ka ɗora ta a kan kututture?"

"So na yi ki dawo ki gani."

"Na gani."

Inji na aiki, iska na kaɗa motar. Daga bayan tudu, can nesa, ta ji kukan saniya, irin dogon kukan nan na yunwa.

"Tunda ciyawa ba za ta je ba, su za su zo," in ji ta. "Ɗauki igiya. Dami ɗaya. Kada ka saɓa shi a kafaɗa, ja shi a ƙasa ka yanke zare ɗaya, ya riƙa zuba a hanya. Buɗe ƙofar shinge gaba ɗaya. Nemi tsohuwar saniyar nan mai yankakken kunne ka sa mata a hanci, in ta biyo ka sauran za su biyo."

"Na san shanu, Yaya."

"Ka san aksul ma."

Ya fita. Ta ga bayansa yana hawa, a sunkuye, igiya a kafaɗa, ƙanƙara tana kai masa cinya a wasu wuraren. Ya faɗi sau ɗaya. Ya tashi bai waiwayo ba. Sannan ya ɓace bayan tudu.

Zama ba zai yiwu mata ba. Ta sauka, ta dafa jikin motar har baya, ta hau bodi da ciki kamar ƙadangare, don gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Likita ya ce kada ta hau ko kujera. Ta zaro wuƙa ta shiga yanke zare tana turo damman ƙasa, tana watsa su a gefen da iska ba ta bugu sosai. Kowane dami ta ture sai ta zagi wani abu. Ta zagi Arlen. Ta zagi gwiwar da ta zaunar da ita a falon 'yarta tana kallon talabijin yayin da ake kwance motar. Ta zagi wanda ya fara tunanin raba aksul biyu don mutanen gari su ji daɗin zama, don ba don shi ba da ƙanenta bai yi kwaɗayin na Baba ba. Zufa ta jiƙa mata wuya ta daskare a bakin riga.

Rana ta yi sama, ba ta da ɗumi ko kaɗan. Ta gama da rabin lodin ta zauna a kan sauran, ƙafar a miƙe tana zafi kamar an zuba mata garwashi.

Mai yankakken kunne ce ta fara ɓullowa a kan tudu. Ta tsaya ta shinshina, ta yi kuka, ta fara gangarowa. Sauran suka biyo ta a layi ɗaya cikin sawun da Arlen ya buɗe. Ƙanƙara ta manne a gashin bayansu, wasu ta rufe musu ido sai bin na gaba suke da hanci. Da suka ji ƙamshin ciyawa layin ya watse, suka yi ta ture juna. Marlys ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ta san kowacce da uwarta. Ta duba, ta sake dubawa, ba ta ga guntuwar saniyar da suke kira Gajera ba.

Arlen ne ƙarshe. Gemunsa ya yi fari, leɓensa ya tsage. Ya jingina da bodi yana haki.

"Ina Gajera?" in ji ta. "Ina karsanan nan biyu na bara?"

"Iska ta kora su kusurwar shinge. Sauran sun danne su." Ya tofa yawu. "Karsanan sun riga sun sandare."

"Gajera fa?"

"Tana da rai. Tana kwance. Na ja wutsiya, na doke ta, na yi mata ihu. Ta ɗaga kai dai."

"Ka ba ta ciyawa?"

"Ta ƙare a hanya."

Marlys ta dubi tudun, ta dubi ƙafarta. Ta ture masa wani dami, ta jawo tamfol ɗin da ke naɗe a bayan gilashi ta jefa a kai.

"Koma."

"Bari in ɗan ji ɗumi tukuna. Ba na jin yatsun ƙafata."

"Ita ma ba ta jin nata. Kai mata. In ta ci, ka rufe ta da wannan, ka tara mata ƙanƙara ta gefen iska, gobe mu roƙi doki a wurin maƙwabtanmu su Orval mu jawo ta. Buɗe ƙofa ka ɗauki bindigar da ke bayan kujera."

"Yaya."

"In ba ta ci ba, kada ka bar wa kyarketai ita da rai."

Ya tsaya yana kallonta, kamar yana jiran ta ƙara wata magana. Ya buɗe ƙofa ya ɗauko bindigar, ya rataya, ya ɗaure damin da igiya ya juya.

Da ya yi nisa ta sauko daga bodi. Ta ratsa tsakanin shanun, tana ture su da gwiwar hannu, ta kai ga tayar gaba. Dole a buɗe makullan kafin a gangara da motar, in ba haka ba fasassun haƙoran za su ci gaba da niƙa abin da ya saura. Ta cire safar hannu. Na dama ya murɗu. Na hagu ya cije, sai da ta zauna dirshan a ƙanƙara ta kama shi da hannu biyu. Daga nan ƙasa tana ganin kabewar sosai. Murfin ya ɓule daga ciki, wani guntun haƙori ya leƙo ta ramin. Man ya daina ɗiga.

Ta daɗe a zaune a wurin, don tashi sai da dabara. Shanun na ci, tururi na tashi daga hancinsu. Ta fara lissafin yadda za a gangara da baya, ita a kan bodi tana watsa sauran ciyawar don su biyo motar har gida.

Ƙarar bindiga ta zo daga bayan tudu, sau ɗaya. Shanun suka ɗaga kai. Suka koma cin ciyawa.